Gidanmu Ba Mu Gaji Roƙo Ba

Ranar da na fara faɗa wa mahaifina sunan kiɗan da nake koyo, yana zaune a zaure bisa buzunsa, basilla a hannu, yana ɗinkin kuben wuƙa. Na durƙusa na ce, "Baba, sunansa rok." Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Roƙo?" Na ce, "A'a Baba, rok. Kiɗan Amurka ne, da gita ake yin sa." Ya yi shiru har na ɗauka magana ta ƙare. Can sai ya ce, "Ko na ina ne, duk wanda ya tsaya gaban jama'a ya buɗe baki don a ba shi, maroƙi ne. Mu kuwa gidanmu ba mu gaji roƙo ba." Ya mai da kansa ga aikinsa. A 1998 ke nan, ina da shekara 17. Yau na haura arba'in, na yi sama da shekara ashirin ina jan ƙungiyar kiɗa a Damagaram, ni ke rubuta waƙa, ni ke tsayawa gaban mikro, amma ban taɓa hawa dandamali wannan magana ba ta hau tare da ni ba.

A Birni aka haife ni, a 1981, gidan dukawa. Wanda ya san Damagaram ya san Birni: lunguna masu ƙunci, gidajen ƙasa masu zane a fuska, manyan duwatsu zaune tsakanin gidaje kamar tare aka gina su, ga fadar mai martaba a tsakiya. Tsohon gari ke nan, wanda Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa, garin da shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin Faransawa su mai da mulki Yamai. Yaron da ya tashi a nan kiɗa ba baƙonsa ba ne. Kana kwance daren Juma'a kana jin algaita da kakaki daga ƙofar fada, ranar hawan Salla kuma ganguna har cikin ƙirjinka. Sai dai kowane kiɗa da masu shi. Kiɗa gado ne, kamar ƙira da fawa da wanzanci. Ɗan makaɗi ya rataya ganga, ɗan baduku ya riƙe basilla. Mu aikinmu fata: a sayo ta daga majema bayan an jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, a yi alabe, a yi kube, a ɗinka layu da kayan doki. Hannuna ya iya wannan tun ban cika shekara goma ba, kuma har gobe in na ji warin jima ji nake na iso gida.

Da fatar nan tamu na yi abin kiɗana na farko. Na ji Ɗan Maraya Jos a rediyo, wani ya ce mini kuntiginsa ba komai ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da ƴar sanda, da tsirkiya ɗaya. Na tsinto gwangwanin sardin, na ɗauki guntun fata a cikin tarkacen Baba, na jiƙa, na ɗaure, na shanya bisa soro. Tsirkiya kuwa wayar birkin keke na warware na zare sili ɗaya. Da ta bushe na taɓa, ta amsa. Inna ce ta fara ganowa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Ka riƙa ɓoye shi a bayan tukwane, kada babanka ya gani."

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa 50 ya koma 100. Kaya suka yi tashin gwauron zabi, malamai suna ta yajin aiki, lakwal yau a buɗe gobe a rufe. Ban daɗe a kolej ba na ajiye allo. Baba ya riƙa aikena tasha in sayar wa matafiya alabe da layu, kuma a can, gefen motocin da ke hawa Tanut zuwa Agadas, na ji abin da ya sauya mini hanya. Wani karen mota ne yake dafa shayi a ƙarƙashin babbar mota, ƴar rakodarsa tana gefensa a ƙasa. Gita ce ke magana, da tafi, da muryar namiji a harshen Abzinawa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na tsaya da kayana a hannu har fuskar kaset ɗin ta ƙare. Na lura duk sanda mai kaki ya gifta sai ya rage murya. Lokacin ana tawaye a arewa, ba a sa hannu kan sulhu ba sai 24 ga Afrilun 1995, kuma kaset ɗin Abdallah Umbadugu, mawaƙin Abzinawa mai gita, a ɓoye suke yawo daga hannu zuwa hannu. Ranar na gane ashe akwai waƙar da ba ta wasa kowa, ba ta jiran a liƙa mata kuɗi, kuma hukuma na jin tsoronta. Na ba shi alabe ɗaya ya kwafo mini kaset ɗin.

Bayan shekara uku wani yayan abokina ya ja ni gidan raya al'adu na Faransa da Nijar, inda ake nuna fim da dare. Fim ɗin wani babban taron kiɗa ne da aka yi a Amurka a 1969, wanda ake kira Woodstock. Can wajen ƙarshe sai ga wani baƙin mutum da ɗauri a ka, bahago, ya juya gitar na-dama yana kaɗa ta da hagu. Jimi Hendrix. Ya sa gitar nan ta yi kuka, ta yi gurnani, ta yi ƙarar jirgin yaƙi, sannan ta dawo tana lallashi kamar uwa. Aka ce mini ai ya rasu tun 1970 a Landan, yana da shekara 27. Na fito ina tafiya cikin duhu zuwa Birni, ina maimaita kalmar da na ji ana faɗi: rok. Ita ce na kai wa Baba, ya ji ta da kunnen Bahaushe.

Shekara biyu ina tara ladan ɗinki a asusu kafin na sayi gitar lantarki ta farko, jika 25, wajen wani malamin makaranta ɗan bakin teku da zai koma gida. Ba ni da ampili, na'urar ƙara sauti. Wani mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole ya jona mini ita da tsohuwar rakoda, in na ƙure murya sai sautin ya dishe ya tsage. Na yi ta baƙin ciki, sai daga baya na fahimci wannan tsagewar ita ce masu rok ke nema da gangan, har suna sayen ƴan akwatunan da ake takawa da ƙafa don a same ta. Tsirkiya kuwa ba a sayar da ita a garinmu, sai an yi saƙo Kano ko Yamai. In ta tsinke kusa da gindi, ƙulla ta nake yi. In ta mutu da gumi da ƙura, in tafasa ta a ruwa, in shanya, ta ƙara mini wata guda.

Ba wanda ya koya mini. Kaset nake mayarwa baya da biro, in saurara, in nema a wuyan gita, har ƴan yatsuna suka yi kanta. Abin da ya buɗe mini kai kuwa a gidan biki na same shi. Wani mai goge yana ta zuba, ni kuma ina bin sa a zuci, sai na ga hawa biyar ne kawai yake hawa yana sauka a kansu. Na ruga gida na gwada. Hawa biyar ɗin nan su ne na gurmi, su ne na kaset ɗin Agadas, su ne kuma waɗanda Hendrix ke yawo a cikinsu. Rok daga kiɗan bulus ya fito, bulus kuwa na baƙaƙen Amurka ne, jikokin waɗanda aka kwasa daga wannan yanki namu na Afirka. Tun daga ranar na daina jin kamar ɗan aro ne ni. Na sassauta babbar tsirkiya ta sama na bar ta tana ɗumi ba tsayawa, yadda mai molo ke yi da babban yatsa, sauran kuma na ba su waƙa.

Mun kafa ƙungiyarmu a 2003, mu biyar. Ni da gita da murya, sai mai gita ta biyu, mai bas, mai gangunan bateri, da wani siririn yaro mai kalangu. A cikinmu shi kaɗai ya gaji kiɗa, mahaifinsa makaɗin fada ne. Wani gareji muke haya a Sabon Gari muna gwaji da dare, in an ɗauke wuta mu koma gitar katako da tafi. Wahalar farko ita ce haɗa mai bateri da mai kalangu. Rok bugu huɗu-huɗu yake tafiya, tsaye kamar faretin soja, kiɗanmu kuwa uku-uku yake rausaya. Watanni muka yi suna taka juna, har ranar da mai bateri ya haƙura ya bar ƙafarsa tana riƙe da huɗu, hannunsa kuma ya bi kalangu. Da muka ji abin da ya fito, muka tsaya muna kallon juna. Wannan shi ne sautinmu har yau.

Mutane suna ganin jagoran ƙungiya shi ne mai jin daɗi, don shi ake haskawa, sunansa ake kira. Ni na san kuɗin hayar lasifika, na san nawa injin wuta ke shan mai a dare ɗaya, na san wanda matarsa ke da ciki da wanda mai gida ke bi kuɗin haya. In waƙa ta yi sanyi, fuskata jama'a ke kallo. In mai biki ya hana cikon kuɗi, ni zan je in tsaya a ƙofarsa.

Wani biki a Zango ne ya koya mini abin da ban sani ba game da kujerar da na zauna. A 2005 ne, bayan fara da fari sun haɗu sun cinye amfanin gonar 2004, mutanen ƙauye suka cika gari suna neman abin sawa a baki, hatsi ya fi ƙarfin talaka. Muna cikin wasa sai wani yaro ya miƙo mini takarda. Wani alhaji ne ya rubuto sunansa da na ubansa da na kakansa, a wasa shi. Na hango shi zaune a gaba, hannu cikin aljihun babbar riga. Maganar Baba ta faɗo mini. Na ninke takardar na sa a aljihu, na shiga wata sabuwar waƙa da na rubuta kan matan da ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Wuri ya yi tsit. Alhajin ya tashi da mutanensa, liƙin da muka samu a daren bai biya hayar kaya ba.

Muna naɗe wayoyi ba mai cewa uffan. Sai mai kalangu, wanda ko kallon idona ba ya yi saboda na girme shi, ya matso ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri in faɗi magana. Kai in an tashi nan kana da basilla. Mu bakinka ne gonarmu. Jibi sunan ɗana, ko rago ban saya ba." Ban iya ba shi amsa ba. Na kwana ina juyi. Na ga girman kan da nake kira tsare mutunci, da yunwar wasu nake biyan sa.

Daga nan na yi wa kaina iyaka, kuma a kanta nake har yau. A gidan biki ina kiran amarya da ango, ina kiran iyayensu mata, ina yi musu addu'a da kirarin da ya dace da su, don farin cikinsu gaskiya ne kuma sun cancanta. Amma ba na karɓar takardar ɗan siyasa, ba na kiran mutum mai kyauta alhali ban san kyautarsa ba. Wasu abokan sana'a sun ce na cika tsauri, wasu sun ce na riga na sayar da kai. Na saurari duka.

Waƙar da ta fitar da mu ta ruwa ce. Damagaram bisa dutse take zaune, rijiya ba ta da sauƙin haƙa, ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza. In bazara ta yi, famfo ya kan yi kwanaki ba ɗigo. Wata asuba ina dawowa daga masallaci sai ga ƴan mata sun jero da kurar turawa cike da jarkokin nan rawaya da muke kira bido, duk babu komai a ciki, suna karo da juna a kan hanyar dutse: kwam, kwam-kwam, kwam. Na bi su a baya ina ƙirgawa da yatsa a cinyata. Da dare na ce wa mai bateri ya ajiye sandunansa, na kawo masa bido biyu. A kan wannan bugun na ɗora gita mai tsagaggen sauti, na rubuta baitoci da bakin yarinyar da aka tasa tun kafin kiran salla, ta rasa darasin safe saboda layin famfo. Ban zagi kowa a ciki ba, ban kira sunan kowa ba. A bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2006, wanda aka kawo Damagaram, muka samu ƴan mintoci a wani dandali muka yi ta. Kafin in kai amshi na biyu mata sun karɓe shi daga bakina.

Labari ya kai Birni kafin in kai. Baba bai ce komai ba. Tun maganar zaure bai ƙara tada zancen ba, ni ma ban ƙara ba. Muna gaisawa, ina zama in taya shi ɗinki, gita kuwa ba ta taɓa ƙetare ƙofar gidansa ba. Bayan kamar mako biyu na je gaida Inna, sai ta jawo wani abu daga ƙarƙashin katifa, naɗe cikin tsumma. Maratayi ne na jar fata, faɗinsa ya kai yatsa huɗu, an ninka shi biyu an sa auduga daidai inda zai zauna a kafaɗa, gefensa an bi shi da ɗinkin nan ƙanana na kore da Baba ba ya yi wa kowa sai kayan dokin manya. Ramukan maɓalli biyu sun zo daidai da gitata, ban san yadda aka yi ya auna ba. Inna ta ce, "Babanka ya ce wai an gaya masa igiyar leda kake ratayawa, za ta yanke maka kafaɗa." Na ce, "Inna, in je in yi masa godiya?" Ta ce, "Kul. Ka bar shi yadda ya bar shi." Na bar shi. Har Allah ya karɓi ransa a 2012 bai taɓa zuwa inda nake wasa ba, bai kuma taɓa janye maganarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Aure ma sai da sana'ar ta tsaya mini a gaba. Gidan farko da na nema, da aka yi bincike aka ce makaɗi ne, sai aka mai do da goro. Wadda Allah ya ba ni daga baya, kawunta ne ya tsaya mini, ya ce shi ya san ni a sahun asuba kafin ya san ni da gita.

A 2009 muka tara kuɗi muka bi ta Matamai da Daura muka shiga Kano don ɗaukar waƙoƙi. Mai situdiyon mutumin kirki ne, amma da fiyano da kwamfuta ya saba aiki, irin na waƙoƙin fim. Ya dubi gangunanmu ya ce ai ba sai mun sauke su ba, duk suna cikin na'ura. Ya so ya tace muryata ta koma sumul, ya so ya share tsagewar gita don a ganinsa lalacewa ce. Kwana uku muna ja, a ƙarshe muka shiga ɗaki ɗaya mu biyar, mikro biyu, muka buga kai tsaye. Waƙa shida muka fito da su. Faifan bai yi kasuwa ba, don lokacin kowa a waya yake tura wa ɗan'uwansa waƙa, masu cajin waya kuma suna loda wa mutane a katin memori. Na ji muryata a motar Magarya, na ji ta a shagon mai shayi a Maraɗi, ko dala ba ta shigo aljihunmu ba. Amma ta haka ne ma waƙoƙin Mdou Moctar, mai gita ɗan Nijar, waɗanda ya fara ɗauka a Sakkwato a 2008, suka ƙetare hamada har duniya ta san shi. Ban ga laifin masu turawa ba.

Laifin da zan faɗa nawa ne. Da Bombino na Agadas ya fito duniya a 2011, aka fara jin ɗan Nijar yana zagaya Turai da Amurka da gita, sai zuciyata ta fara gaya mini saura ni. Na ci bashi na sayi kaya. Na fara ɗaukar kaso biyu, ina cewa ai ni ke rubutawa. Sannan a 2014 wata ƙungiya ta ba mu aikin waƙar faɗakarwa, na ɓoye wa abokaina ainihin kuɗin, na biya bashina da bambancin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da suka ji, mai bas bai ɗaga murya ba. Ya jingine gitarsa a bangon gareji, ya ce, "Shekara goma sha ɗaya muna bayanka, ba mu taɓa ganin fuskarka a dandamali ba sai ƙeyarka. Mun yarda da ƙeyar nan." A shekarar aka gano zinariya a Jado, samari suna ta tafiya. Ya bi su. Mai gita ta biyu ya koma Yamai. Ƙungiya ta watse a hannuna.

Ranar 16 ga Janairun 2015, cikin zanga-zangar da aka yi kan zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ƙona gidan raya al'adun nan. Ni Musulmi ne, zafin ɓatancin ya taɓa ni kamar yadda ya taɓa kowa. Amma da na je na tsaya gaban baƙin bangon, na tuna a nan na fara ganin abin da nake son zama, a nan muka fara wasa da fitilu a kanmu, sai ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Na dawo gida na sa gita a bayan gado. Na karɓi babur na shiga kabu-kabu.

Shekara uku ina kai mutane Dole, ina kai su tasha da asibiti, rawani a fuska saboda ƙura da kuma kada a gane ni. Wata ranar Alhamis wani tsoho ya tsai da ni a ƙofar Birni, da ganga a rataye. Sai da ya hau na gane mahaifin mai kalangu ne. Shi ma ya gane ni. Bai sauka a inda ya ce ba, ya ce in kai shi gida. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Na zayyana masa komai, har maganar Baba ta zaure, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ya ce, "Ɗana, babanka na san shi, shi ya ɗinka mini maratayin gangar nan. Bai yi ƙarya ba, akwai mai buɗe baki don a ba shi. Amma ka tambayi kanka, wa ke riƙe da sunayen sarakunan garin nan tun daga na farko? Wa ya san wanda ya haƙa wace rijiya, da wanda ya ciyar da mutane a wace yunwa? Mu ne. Kuma akwai maganar da waziri ba ya iya faɗa wa sarki, sai a bar mana, mu sa ta cikin ganga. Waƙarka ta ruwa aikinmu ce ka yi, ko ka so sunan ko ka ƙi shi." Ya kurɓi fura, sannan ya ce, "Abin da ba namu ba shi ne cin rabon ƴan amshi. Wannan ka je ka gyara."

Na sayar da babban ampilin da na ci bashi dominsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsu a ambulan. Mai bas ya riga ya dawo daga Jado da ciwon ƙirji, ya rame har na kusa kasa gane shi. Na durƙusa a gabansa, gaban matarsa da ƴaƴansa. Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin, sannan ya ce, "Tashi, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Gitata tana nan?" Na ce tana nan, na shafa mata mai. A bikin Zinder Sabuwa na 2018, wato bikin 18 ga Disamba da aka sake kawowa Damagaram, muka sake tsayawa tare, mu huɗu da wani sabon yaro. Tun daga ranar, duk kuɗin da aka ba mu a tsakiyar tabarma ake zube shi, mai kalangu ke ƙirgawa, a raba biyar daidai.

Ba mu je Turai ba. Da aka sa Bombino cikin masu takarar kyautar Grammy ta 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai nan, na yi murna har cikin raina, ban ji irin abin da na ji a 2011 ba. Korona ta zo a 2020 ta hana taro, na koma basilla muka ci abinci da ita. A 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, watanni muka yi muna gwaji da gitar katako a hasken waya. Yanzu duk yammacin Laraba wasu samari daga Kara-Kara suna zuwa garejin, wasunsu ƴan fale ne, wato ƙungiyoyin ƴan daba, da suka gaji da faɗan unguwa. Gita biyu gare mu ta koyo, suna karɓa bi da bi. Akwai ɗaya a cikinsu bahago, na juya masa tsirkiyoyi. Makon jiya ya tambaye ni abin da zai gaya wa mahaifinsa, don har yanzu a ɓoye yake zuwa. Na ce ya bari in zo da kaina in gaida tsohon, mu zauna.

Asabar mai zuwa muna da biki a Mirya. Maratayin Baba ya fara sakin ɗinki daidai kafaɗa, inda gumi ya fi ci. Na samo zare kore a Dole, daren nan in yara sun kwanta zan zauna in bi sawun ramukan da ya huda.